Shaidar Liman

Saura minti tara wa'adi ya cika wani mahayi ya kashe babur ɗinsa a ƙofar masallaci, kusa da gadar Wudil. Kilomita dubu da ɗari shida ya shafe cikin awa ashirin da huɗu, rasit ɗin kowane gidan mai na aljihunsa. Abu ɗaya ya rage ƙungiyar mahaya ta ba shi takardar shaida: wani amintacce ya rubuta lokacin isowarsa, ya sa hannu.

Tsohon limamin da ya zaɓa ya tarbe shi da gaisuwa. Ina gajiya, yaya mutanen Sakkwato, an samu ruwa a can? Mahayin yana durƙushe, yana amsawa yana haɗiye takaici.

Da takardar ta dawo hannunsa, sai ya ga an rubuta: "Bayan La'asar."

"Allah ya gafarta Malam, lamba suke so! Wallahi biyar saura tara na iso!"

"Na yarda da kai, ɗana," in ji tsohon, yana miƙa masa biro. "Amma shaida aka ce in bayar. Inuwa na duba, ban ga agogo ba."