Ɓaunar Tirwun

Ɓaunar ta faɗi tun kafin maharbin ya taɓa kunamar bindiga.

Filin biki a Tirwun ya ɗau sowa. Wata ta rangaɗa guɗa, wani ya ce, "Kai, wannan maharbin da ido ma kisa yake!"

Shekara talatin ke nan suna wannan wasan, shi da yayansa. Yayan zai lulluɓa da fatar ɓaunar da ubansu ya harbo, ya ɗaura ƙahonni, ya yi ta tarwatsa 'yan kallo. Shi kuma ya saita bindigar da ba komai cikinta sai albarushi. Sai ta tashi yayan ke zubewa, a zungure shi da gindin bindiga sau uku, ya miƙe yana rawa. Bai taɓa faɗuwa kafin ƙarar bindigar ba.

Maharbin ya ƙarasa wurinsa, ya zungura sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Makaɗa suka ƙara wuta, suna jiran rawar.

Ya tsuguna, ya ɗage fatar, ya kai baki saitin kunnensa.

"Yaya, tashi mana. Ai ban harba ba tukuna."