Atamfar Inna a Sitatus

Hoton na shigowa wayarta, wata mai sayar da atamfa ta ɗora shi a sitatus don talla, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Wata mata ce daga Mai'adua, sanye da atamfar da ta saya a wurinta, ta ba kyamara baya don kada a ga fuskarta. Da atamfofin da ta gada daga marigayiya Inna mai sayarwar ta fara wannan sana'a a ɗakinta, wannan ma ɗaya ce daga cikinsu.

Ba a jima ba Baba ya kira, shi da bai ƙara ambaton Inna ba tun ranar da aka kai ta makwancinta.

"'Yar nan, a ina kika gan ta? Don Allah ki ce mata ta juyo."