Bas ɗin Malam

Hayaƙin ƙauyen da ke kusa da nasu ya turnuƙe sama sa'adda ɗan Inna ya tsayar da motar a ƙofar gida. Kowa ya tsere zuwa Gummi, saura Inna.

Tun da 'yan bindiga suka fara ƙone ƙauyukan Bukkuyum take cewa ba ta barin gidan sai a bas ɗin mijinta, Malam. Bas ɗin kuwa ta ruɓe tun kafin Malam ya rasu. Mutane suka ce ruɗewar tsufa ce. Shi ne ɗanta ya kai ƙaramar motarsa gareji a Anka, aka yi mata fenti shuɗi da fari, aka ɗora kariyar kaya a samanta, aka rubuta "Allah Na Nan" a goshinta kamar ta da.

"Inna, ga bas ɗin Malam. Taso mu tafi."

Ta tsaya tana kallon motar. Rugugin babura ya taso daga bayan gonaki.

"Inna, don Allah!"

Ta shafa fentin, ta shiga. Ya murɗa makulli, mota ta tashi nan take. Idonsa bai bar madubi ba sai da suka hau kwalta.

Can Inna ta ce, "Na san ba ita ta ba. Ta Malam sai an tura."

Ya waigo.

"Hankalina ƙalau yake, ɗana. Kabarin ubanka ne ban iya bari. Shi ya sa na nemi abin da na zaci ba ka iya kawowa."