Lasisin Yana Hannun Wani

"Lasisinka yana aiki a wata kwamfuta." Karo na tara ke nan manhajar zanen gini ta watso min wannan saƙon, ga shi ƙarfe huɗu za a rufe karɓar zanen gadar Dangora.

Daga Doguwa, inda nake a ranar, na kira Muzammil, abokina tun muna firamare a Kiru, shi ma injiniya ne.

Ya ce, "Mujitaba, sabis ɗin Doguwa ne kawai. Hau dutse ka sake gwadawa. Amma kul ka canza kalmar sirri, rufe ka za su yi na kwana uku."

Na goya kwamfuta na hau dutse da tsakar rana. Sabis ya cika, saƙon bai sauya ba. Muzammil yana ta kira yana jajanta min, har da addu'a.

Sai huɗu da kwata na samu layin kamfanin manhajar. Matar da ta ɗauka ta ce, "Ai da ka canza kalmar sirri, nan take za ka kori ɗaya kwamfutar. Tun safe take kan lasisinka."

"Wace kwamfuta?"

Ta karanto min sunan: Muzammil.

Bara ya ce in ara masa lasisin na awa ɗaya, na ji kunyar hana shi.

Saƙo ya shigo zaurenmu na injiniyoyi a waya: mutum ɗaya ne ya miƙa zanen gadar. Ina kallon sunan Muzammil a saƙon, ya sake kira.

"Ɗan'uwa, ta buɗe kuwa?"