Akwatin Mai Ƙwallon Dabino

Tanko, tun ɗazu kake nanata mini cewa ai kai taimako ka yi niyya. To matso ka ji wani misali.

An yi wani mutum mai gyaran rediyo, wanda in ƙarshen mako ya zo yake saka kiɗa a gidajen biki da kwamfutarsa. Ana nan sai ciwon ido ya kama shi, gani ya yi ta ja da baya har allon kwamfutar ya koma masa farin hayaƙi. Masu biki suka janye jiki, ana ta cewa Allah sarki, tasa ta ƙare. Shi kuwa ya ce ba ta ƙare ba. Ya samo akwatin katako ya huda murfin, ya sa ɗan allon lantarki a ciki, irin wanda ake jona wa kwamfuta ta bi umarninsa. Wata uku yana laluben wayoyi yana liƙa su da dalma, babu yatsan da bai ƙone ba. Ya dasa maɓalli goma sha shida, kowanne da aikinsa a manhajar kiɗa, kuma kowanne ya manna masa abin da yatsa zai shaida. Ƙwallon dabino shi ne waƙar shigowar amarya. Wuri, irin na kuɗin da, shi ne kiɗan ƙwarya, don iyaye mata. Murfin kwalba na rage sauti in mai sanarwa zai yi magana, guntun fata kuma na tsayar da komai cak in an kira salla. Maganar gaskiya, akwatin ba shi da kyan gani, maɓallan a karkace suke kamar haƙoran tsoho. Amma in ya ɗora hannu a kai, ba ya bukatar idon kowa.

Da ƙyar wata hajiya mai sayar da atamfa ta yarda ta ba shi kamun 'yarta, danginta na ta hana ta. Ya san in wannan ya yi kyau an dawo da shi sana'a, in ya ɓaci kuwa babu mai sake kiransa har abada.

To yana da ƙane, ɗan gayu mai shagon gyaran waya, shi ke ɗaukar masa kaya a babur. Ana saura kwana biyu ƙanen ya kwashi kayan, wai shagonsa ya fi kusa da wurin taro. Ashe kunya ce ke cinsa. Ina shi ina shiga cikin manyan mutane da tarkacen bola? Bai tambaya ba, ko da wasa bai tambaya ba! Ya ɓamɓare dabino da wuri da fata, ya zare wayoyin ya mayar da su cikin akwatin roba mai sheƙi, ya jera baƙaƙen maɓallai iri ɗaya sak, layi huɗu. Har da ƙananan fitilu ya sa musu. Fitilu fa, Tanko! Don girman Allah, wa zai gan su? Ya danna kowanne ya ji yana fitar da sauti, ya ce madalla, bai damu da wace waya ta koma ina ba.

Ranar kamu da la'asar, sai da amarya ta iso bakin ƙofa sannan ƙanen ya shigo da kayan a guje ya jona, yana murmushi, yana jiran godiya. Mai sanarwa ya ce a tashi ga amarya. Mutumin ya kai hannu inda ya saba samun ƙwallon dabino, ya ji sumul. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ko'ina sumul. Ya yi bismilla ya danna inda yake zato, sai ga kiɗan dambe ya ɓarke a kan amarya. Ya nemi fata ya tsayar, babu fata. Abin da ya danna ma ƙara sautin ya yi. Wurin taro ya kaure da shewa da dariya, amarya ta fashe da kuka, hajiya ta rasa inda za ta sa kanta. Da kunnensa ya ji wata na cewa, “Ai dama mun faɗa, ina makaho ina kwamfuta?”

Ya juya wajen da yake jin numfashin ƙanensa, ya ce, “Ina ƙwallon dabinona?”

“Na zubar a shara, Yaya. Ai gyara maka na yi.”

Abin da ke ƙona mini rai har yau, babu wanda ya ga laifin ƙanen. Mutane ma yaba akwatin suka yi, wai an ba shi kaya mai kyau ya kasa. Laifin duk aka ɗora wa idon da ba shi ya yi ɓarnar ba, kuma tun daga ranar babu gidan bikin da ya sake aiko masa.

Saboda haka kafin ka taɓa abin wani, ka tambaye shi me ya sa ya bar shi haka. Ba a banza Hausawa suka ce ba: garin neman gira, aka rasa ido.