Jakar Raƙumi

Tun a gindin dutsen, Raƙumi ya rungume babbar jakar kamar wani zai ƙwace masa ita. Risho na ciki, da butar shayi, da galan ɗin ruwa, da kofuna uku na ƙarfe. Shekara goma sha tara ke nan shi da abokansa biyu, Siriri malamin makaranta da Bakanike, suna kwana hawan dutsen nan sau ɗaya a shekara don ganin fitowar rana. Tun hawan farko shi ke ɗaukar jakar, a nan ma ya samo sunan.

Bana dai da magana. Wata takwas da suka wuce an yi masa aiki a baya, matarsa kuwa ta kafa sharaɗi tana riƙe da takalmansa na hawa. In ya kai ƙololuwa da jakar a bayansa, ya turo hoto ta gani. In ya kasa, za ta kyautar da takalman, hawan dutse ya ƙare. A gabanta dariya ya yi. A ransa kuwa tsoro ne fal, don bai san ko shi wane ne ba in aka daina ce masa Raƙumi.

Ba su yi awa ɗaya ba sai bayansa ya fara yi masa magana. Ya cije, ya ƙara ɗaga murya da labari don kada a ji nishinsa. Da suka tsaya hutu, ya sauke jakar ya ce zai zagaya. Ya laɓe bayan wani dutse, ya haɗiye ƙwayar maganin da ya ɓoye a safa, ya yi ta murza ƙugu har ya gaji. Ya dawo yana gyara wando, yana jin daɗin yadda ya yi musu wayo.

Ya tarar Siriri ya cire rigar sanyinsa.

"Zafi nake ji," in ji shi, haƙoransa na haɗuwa.

Maganin kuwa ya yi aiki. Raƙumi ya shige gaba da tocila, yana taku irin na da. Siriri, wanda duk shekara shi ke tsallen duwatsu kamar ɗan akuya, yau ya koma baya yana jan ƙafa. Raƙumi kuwa ba ya ganin dama ya bar ta.

"Malam, alli ne ya cinye maka ƙarfi? In goya ka?"

A hutu na biyu ya sake zagayawa. Wannan karon bai sha komai ba, ya dai jingina da dutse yana roƙon Allah kada ya kunyata shi. Da ya dawo, Bakanike ma ya tuɓe jibgegiyar rigarsa, ya tsaya daga shi sai 'yar shara, iska na kaɗa shi.

"Ku kam tsufa ya zo muku ta kai," in ji Raƙumi. "Mutum na rawar ɗari yana cewa zafi!"

Daga nan hanya ta miƙe tsaye, ga tsakuwa mai santsi. Raƙumi ya yi mamakin kansa. Ƙwaya ɗaya tal, amma ji yake kamar an mayar masa da shekara goma. A bayansa kuwa wani abu na ta ƙara, ƙwal, ƙwal, duk takun da Bakanike ya yi.

"Gwiwoyinka ne ke kuka haka? Ka sa musu baƙin mai mana, ai sana'arka ce."

Bakanike kam numfashi ma da ƙyar yake ja.

Gabas ta fara ja lokacin da Raƙumi ya taka ƙololuwa, shi kaɗai. Sai da ya jira su kusan minti goma. Suka iso a jiƙe da gumi, suka zube ƙasa. Bai bar su sun huta ba, ya miƙa wa Siriri waya, ya tsaya ya banƙare ƙirji, jaka a baya, rana na ɓullowa ta kafaɗarsa. Hoton ya tafi. Kafin ya mayar da wayar aljihu amsa ta shigo: "To, na sallama. Takalmanka naka ne."

Idonsa ya ciko. Ya juya musu baya don kada su gani, ya durƙusa gaban jakar.

"Bari in dafa wa tsofaffi shayi," ya ce, "kafin sanyi ya ƙarasa min ku."

Ya zuge zif ɗin ya zura hannu yana laluben risho. Babu komai a ciki sai rigunan sanyi guda biyu da aka cusa har wuya, a bayansa kuwa ya ji ƙwal, ƙwal, Bakanike na zaro buta da risho daga tasa jakar, Siriri na sauke galan ɗin ruwa.