Neman Halina a Dajin Oberon

Bogdan ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, gajeru biyu da dogo ɗaya. Ya kasa kunne. Ban da iska a ƙwanƙolin itatuwa, babu abin da ya amsa.

Ƙa'idarsu ke nan shi da matarsa Halina. Duk kaka, da ruwa ya sauka sanyi ya fara cizo, 'yan asalin Poland kan cika motoci daga Sydney su hau gandun dajin gwamnati na Oberon tsintar naman kaza, wato laimar kwaɗin nan mai ruwan goro da ke ɓuya a ƙarƙashin busasshen ganye. Su biyu har gida suka saya a bakin dajin saboda wannan kwaɗayi. Itatuwan katako ne sahu-sahu, kowanne sak ɗan'uwansa. Ka sunkuya ka ɗago, gabas ta koma yamma. Shi ya sa mata da miji ba sa rabuwa sai da fito, Halina kuwa ba ta taɓa ƙin amsawa ba, ko da ranar tana fushi da shi.

Yau ta yi shiru, kuma rana ta karkata.

Halina tana da ciwon gwiwa, ga tsofaffin ramuka cikin ciyawa. Ya nufi kwarin da suke fara tsinta, ya tarar an sare manyan itatuwan, waɗansu ƙanana har sun kai tsayin mutum. Ya ja tsaki. Ma'aikatan nan ba su da aiki sai rikita mutane. Silifas ɗinsa sun jiƙe sharkaf, yatsunsa sun ƙandare, amma bai tsaya ba.

Can ya ji takun gudu. Wata mata ce mai furfura jefi-jefi, tana haki, ƙaya ta kakkarce mata hannu. Da ta gan shi sai ta dafa bishiya ta rufe ido.

"Baiwar Allah, ko kin ga wata tsohuwa?" in ji Bogdan. "Gajera, da jan ɗankwali. Ga surutu kamar rediyo, ba za ki wuce ta ba ki sani ba."

Matar ta cire rigar sanyinta ta yafa masa, ta ɓalla masa maɓallan har wuya.

"Zo mu fita titi tukuna. Akwai masu nema."

"In fita in bar ta? Ai sai ta cinye ni ɗanye!"

"To mu duba ta wannan hanyar."

Ya bi ta, don da alama ta san dajin. Tana riƙe da gwiwar hannunsa na dama, wanda ba shi da ciwo. A hanya ya ba ta labarin Halina: yadda take soya naman kaza da man shanu da albasa, yadda take raina duk wanda ya tumɓuke shi da saiwa maimakon ya yanka da wuƙa, yadda ta bi shi ƙasar nan da akwati ɗaya ba ta taɓa yi masa gori ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba, kada dare ya same ta ita kaɗai cikin sanyin nan. Matar ta yi ta share ido, shi kuwa ya ɗauka iska ce.

A bakin titin tsakuwa motar gandun daji na tsaye, mutane masu riguna ruwan lemo sun kewaye ta. Suka sa shi ciki, suka lulluɓa masa bargo, aka miƙo shayi. Bogdan ya riƙe hannun ma'aikacin gandun daji, wani matashi mai suna Darren, gam.

"Ɗana, matata na ciki. Don girman Allah kada ku tafi."

Darren ya rufe ƙofar a hankali, ya juyo wurin matar.

"Danuta, ba ki ce mana su biyu ne ba. In mayar da mutanena ciki?"

Ta girgiza kai, tana kallon tsohon da ya manna goshi a gilashi yana leƙen itatuwa.

"Ku tafi gida, mun gode. Mahaifina kaɗai ya ɓata. Mama ta daɗe da rasuwa, amma shi mantawa yake yi, kuma duk ranar da na gaya masa sai ya yi kuka kamar yau ta mutu, don haka na daina gaya masa."